Barcin Mai Tatata: Ladan Ya Ishe Ki Agogo

Ina gaida na cikin garin Dutsin-Ma da Karofi da Makera, da na Kurfi da Birchi da Tsauri da Rawayau, da duk wadda ta ajiye rediyo kusa da murhu tana aiki tana saurare.

Maganarmu ta yau a kan barcin yaro ce, daga wanda ya fara tatata zuwa ɗan shekara 3. Abin da ya jawo ta kuwa tambaya ce da ta yi ta zo mana a bakin mata daban-daban: yarona ba ya barci sai sha biyun dare, da rana kuma rigima kamar ana yanka shi, wane magani zan ba shi? To 'yar uwa, amsar gajeruwa ce, babu maganin da za ki ba shi. Amma ba zan bar ki haka nan ba, tunda na san wadda ta kwana tana jijjiga, ta tashi da asuba ga surfe ga wanki ga suyar ƙuli-ƙuli, ba wa'azi take nema ba, dabara take nema.

Mu fara da sanin awa nawa yaron yake bukata. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a cikin kwana guda, idan an haɗa na dare da na rana. Ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Yi lissafi da naki. Idan ya kwanta ƙarfe 11 na dare, hayaniyar gida ta tashe shi ƙarfe 6, awa 7 ke nan. Ko da ya ɗan runtsa awa guda a bayanki da hantsi, har yanzu ana bin shi bashin awa 3, kuma ke za ki biya bashin nan da rigimarsa.

Barcin nan ba hutu kaɗai ba ne. Sinadarin da ke sa girma, jiki ya fi fitar da shi a cikin barci mai nauyi na farkon dare. A cikin barci ne kuma ƙwaƙwalwa ke adana abin da yaro ya koya da rana, sabuwar kalma, sabon taku. Ga kuma wani abu da ke rikita iyaye da yawa. Babba idan ya gaji sai ya yi laƙwas. Yaro ƙarami idan gajiya ta wuce kima, sai jikinsa ya ƙara tashi, ka gan shi yana guje-guje yana dariya yana cizo. Sai uwa ta ce ai idonsa biyu tangararan, bari ya ƙara wasa ya gaji. Alhali lokacin kwanciyar ne ya wuce tun ɗazu. Ki riƙa lura da alamun farko: hamma, murza ido, jan kunne, liƙe maki a zani. Nan ne ƙofa take a buɗe.

Jikin yaro yana son abu ya riƙa zuwa a lokaci guda kullum. Littattafan Turawa sai su ce ki duba agogo, ki rubuta jadawali ki liƙa a bango. Mu a nan Allah ya hutar da mu. Ko kina cikin kulle ba ki leƙa ko zaure, sau biyar ladan yake gaya maki lokaci, ba batir ba caji. A ƙasarmu ta Katsina magariba ba ta wuce tsakanin ƙarfe 6 da ƙarfe 7 duk shekara, isha'i kuma ta biyo baya da awa guda da 'yan mintoci. Saboda haka ki rataya barcin ɗanki a jikin kiran salla.

Ga yadda abin yake. Ya tashi da fitowar rana, ki fito da shi tsakar gida ya ga haske, domin hasken safe ne ke saita mashi agogon cikin jiki. Ya karya, ya yi wasa, ya yi ta yawonsa a ƙasa, kada ki goye shi wuni guda don gudun ƙazanta. Wajen ƙarfe 12, kafin kiran azahar, ki ba shi abinci, ki shafe mashi jiki da ruwa, ki kwantar da shi. Wannan ita ce ƙailularsa, awa 1 zuwa 2. Sharaɗi guda ne a nan, kuma shi ne ginshiƙin maganar duka: kada kiran la'asar ya same shi yana barci. Iyayenmu da suke tashin yaro idan ya ɓingire da la'asar sakaliya sun san abin da suke yi. Yaron da ya yi barci daga ƙarfe 4 zuwa magariba ya riga ya ci wani ɓangare na barcin darensa, sai ku raba dare ke da shi.

Na san tashin yaro mai barci yana da ciwo, musamman kina tsakiyar tuƙa tuwo ko kina sauri ki gama awarar da za a fita da ita. Ki daure. Ki ɗaga labule, ki ɗauke shi, ki ba shi ruwa. Kwana 3 ko 4 zai yi ta ƙunƙuni, yawanci kafin mako 2 jikinsa ya karɓa.

Wanda bai daɗe da cika shekara ba, sau biyu yake barcin rana, da hantsi da kuma bayan azahar. Yawanci tsakanin wata 12 zuwa 18 yake sakin na hantsin ya koma guda. Idan kin ga ya fara ƙin na biyun, ki riƙa jan na farkon kaɗan-kaɗan har ya kai tsakar rana. Wasu kuma daga shekara 3 suke fara barin barcin rana gaba ɗaya. Kada ki yi dambe da shi, ya kwanta shiru kusa da ke ko bai yi barci ba.

Da yamma kuma abu uku ko huɗu za ki jera, ki riƙa yin su iri ɗaya kullum. Wanka kafin magariba. Abinci bayan magariba, ya ƙoshi sosai. Da an kira isha'i ki kai shi shimfiɗa, ki rage fitila, ki yi mashi 'yar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ko da bai gama fahimta ba, ki tofa mashi addu'a, ki sauke gidan sauro. Idan ya kwanta ƙarfe 8 ya tashi ƙarfe 6, awa 10 ke nan, ga 2 na rana, ya samu 12. Kuma ki yi ƙoƙari ki ajiye shi yana lumshe ido bai gama nisa ba. Dalili shi ne, kowane yaro yana ɗan farkawa sau da yawa cikin dare. Wanda barci ya ɗauke shi a bayanki ko da nono a baki, idan ya farka bai ji su ba sai ya tsala ihu. Wanda ya saba barci ya ɗauke shi a shimfiɗarsa, juyi kawai zai yi ya ci gaba. Ban ce ki daina goyo ba, wa zai raba mu da majanyi? Na ce dai kada ya zama ba ya iya barci sai a baya.

Yanzu bari mu zo kan masu ɓata shirin, don ba ke kaɗai ba ce a gidan. Na farko, ranka ya daɗe maigida. Ya dawo daga hira ƙarfe 10 da ƙunshin tsire ko balangu, sai ya ce a taso mashi yaro ya ci. Ƙauna ce, ba mu ƙi ba. Amma ki lallaɓa shi cikin ladabi a ajiye ma yaron nasa a ɗumama da safe, shi kuma ya samu lokacin wasa da ɗansa tsakanin magariba da isha'i. Na biyu, fitar dare. Mu da ba mu fita sai rana ta faɗi, barka da gaisuwar rasuwa da dubiya duk da dare muke yin su. Idan akwai babba a gida, kwantar da shi ki bar shi. Idan dole ki tafi da shi, ki goya shi ki rufe, kada a yi ta karɓarsa hannu-hannu ana mashi wasa, kuma gobe ki tashe shi a lokacin da ya saba. Dare guda ba ya rushe shiri, jere dare ne ke rushewa. Na uku, ranar girki. Idan kwananki ne za ki turaka, ku yi magana da abokiyar zamanki ko kakarsa tun da rana, a kwantar da shi lokacin da ya saba, da zanen da ya saba jin ƙanshinki a jiki. Ke ma ranar nata ki rama mata.

Sai waya. Abin ya zama ruwan dare, yaro na kuka a miƙa mashi waya ya kalli fim har barci ya sace shi. Haske a ido da dare yana jinkirta sinadarin da ke kawo barci, wanda jiki ke fitarwa idan duhu ya yi, ga kuma sauti da motsi suna ƙara wartsakar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 1 kada a zaunar da shi gaban allo sam, ɗan shekara 2 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. Haka shayi da lemon kwalba mai baƙi, suna da sinadarin hana barci. Kada ki ba shi da yamma, in son samu ne ma kada ki ba shi ko yaushe. Kuma don Allah a daina cewa yi barci ko dodo ya zo. Kin cika mashi duhu da dodo, sannan ki ce ya rufe ido a cikinsa?

Idan kin yi duk wannan yana ta farkawa da kuka, ki nemi dalili a jikinsa. Yunwa ce ta farko, musamman wanda ake shirin yayewa. Kunu tsararo ba ya kai yaro asuba, ki sa mashi ƙuli ko gyaɗa ko waken suya. Sai zafi: a bazara, watan Maris zuwa Mayu, ɗakin kwano tanda ne, ki fito da shimfiɗa tsakar gida amma da gidan sauro. Mutanen da ke kusa da dam ɗin Zobe da fadamu sun san sauronsu ba ya tafiya da ɗaukewar ruwa. A hunturu kuma kada ki kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, kada kuma a kunna janareto kusa da taga, hayaƙinsu marar wari yana kashe mutum cikin barci. Yaron da ke sosa duburarsa da dare, a duba tsutsar ciki. Mai jan kunne yana ihu, a duba kunnen. Akwai kuma yaran da suka taso daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba, suka taɓa kwana a daji ko suka ji harbi. Irin waɗannan firgita suke yi. Kada a daka masu tsawa, a kwantar da su jikin uwa, a bar 'yar fitila, a yi ta maimaita masu abu guda kowane dare har zuciya ta kwanta.

To mu koma kan maganin da aka tambaya. Na san abin da ake yi. A aiki yaro kemis ko kasuwar Laraba ya sayo Piriton ko Phenergan ko maganin tari, a ɗura ma yaro cokali guda don a samu a yi aiki, ko don a je biki. 'Yar uwa, wannan ba barci ba ne, buguwa ce. Phenergan, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi kashedin kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, saboda yana iya tsayar da numfashi har a rasa rai. Piriton maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, wasu yaran ma maimakon su kwanta sai ya ƙara haukata su. Maganin tari mai kodin kuwa, tun watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi, kuma kodin na danne numfashin yaro. Masu shekaru a cikinmu ba su manta da My Pikin ba, maganin haƙori da aka riƙa ba yara masu rigima. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara aƙalla 84 suka rasu a Nijeriya, har da waɗanda aka kai asibitin koyarwa na Zariya, saboda gubar da ke cikinsa ta lalata masu ƙoda. A 2022 ma an rasa yara kusan 70 a ƙasar Gambiya ta dalilin gurɓataccen maganin tari. Iyayen nan ba mugaye ba ne, so suke yaro ya yi shiru ya huta. Haka jiƙe-jiƙen da ake cewa na sa barci, ba ki san ƙarfin abin da ke ciki ba, kuma hantar yaro ƙarama ce.

Akwai kuma barcin da ba na murna ba. Idan yaron da kika sani da ƙiriniya ya kama barci ba ji ba gani, kina tashinsa yana komawa, ya ƙi nono ya ƙi ruwa, ko jikinsa da zafi, ko ya yi jijjiga, ko numfashinsa na sauri, kada ki ce bari ya huta. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani haka yake zuwa, musamman da damina. Ki aika a kira maigida, in ba ya nan ki sanar da wanda ya bar maki amana, a kai shi babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi ko asibitin da ya fi kusa, a wannan lokacin, ko tsakar dare ne. Gara ma ku yi wannan magana da maigida tun yau, ya ba ki izinin fita irin wannan tun kafin ranar ta zo. Yaron da ke minshari kullum, yana barci baki buɗe, numfashi na ɗaukewa yana dawowa, shi ma a kai shi likita ya duba maƙogwaronsa.

Wadda ke shirin yaye kuma, kada ki haɗa ma yaro biyu a rana guda, rabuwa da nono da rabuwa da shimfiɗarsa. Ki fara cire nonon tsakar dare makonni kafin ranar, idan ya farka ki ba shi ruwa ki bubbuga bayansa. Idan gidan kakarsa za a kai shi kamar yadda aka saba, ki haɗa mashi da zanenki, ki kuma gaya ma Inna lokutansa: kafin azahar ya kwanta, kafin la'asar ya tashi, bayan isha'i a sauke gidan sauro.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauko maganar abincin ɗan yaye. A gaida yara, a huta lafiya.