Shinge Ba Bango Ba Ne: Ku Zaɓi Tsanin da Ya Dace

Da zarar damina ta kankama, shingen gida da na lambu kan yi tofo har su haura tsayin mutum, rassan darbejiya kuma su sauko kan rumfunan kasuwa. A lokacin ne maigida kan ari tsanin maƙwabci, ya ɗauki adda, ya ce yanzun nan zai gama. Mu ma'aikatan lafiya na garuruwan bakin iyaka, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, mun san ƙarshen irin wannan gaggawa: karayar wuyan hannu, gocewar ƙashi, wani lokaci ma bugun kai ko rauni a gadon baya. Faɗuwa daga tsayin mita 2 kacal ta isa ta kwantar da mai nema makonni, rumfa a rufe, iyali suna jira.

Inda haɗarin yake

Tsanin da muka saba da shi, mai ƙafa biyu, an yi shi ne domin a jingina shi da abu mai ƙarfi kamar bango. Shingen dashi ko na lalle ko na bini-da-zugu ba ya ɗaukar nauyi. Kuna hawa rassan za su lotsa, tsanin ya nutse ciki ko ya karkace. Ƙasar gindin shinge kuma yawanci rairayi ce ko laka. Ga shi hannunku yana riƙe da abu mai kaifi, wanda zai iya raunata ku fiye da faɗuwar kanta.

Wane tsani ga wane aiki?

Mai ƙafa uku shi ya fi dacewa da shinge. Ƙafafunsa biyu na gaba a buɗe suke, ta ukun kuma tana shiga cikin shingen ta tokare ƙasa. Kamar murhu mai duwatsu uku, ba ya girgiɗi ko da ƙasar ba ta daidaita sosai ba.

Mai ƙafa huɗu da ake buɗewa na daɓe ne ko siminti, kamar cikin shago. A buɗe shi gaba ɗaya, a tabbata ƙarfen ko igiyar da ke riƙe ƙafafunsa ta miƙe. A kan ƙasa mai gargada, ƙafa ɗaya takan rataya.

Na jinginawa sai a bango ko kututturen itace mai kauri, a ɗaure samansa. Idan inda ya jingina ya kai tsayin mita 4, gindinsa ya nisanci bangon da mita 1. Idan rufin ɗaki za a hau, kansa ya zarce bakin rufin da kamar mita 1.

Mafi aminci duka shi ne aikin da aka yi ƙafa tana ƙasa. Lauje ɗaure a doguwar gora yana kai wa rassa da yawa, shingen da ake ragewa a kai a kai kuma ba ya buƙatar tsani.

Kafin ku saya ko ku ara

Araha ba ta ado. Ku kwantar da tsanin, ku gwada matakalansa ɗaya bayan ɗaya. A na katako ku duba cin gara, tsagewa da ƙusoshin da suka saki. A na ƙarfe ku duba tsatsa da waldar da ta buɗe. Tsanin ƙarfe ko na alminiyam yana jan wutar lantarki, haka ma katakon da ya jiƙe, don haka ku ɗaga kai ku duba wayoyi tukuna. Kada a ɗora tsani a kan buhu, bulo ko duro don ƙarin tsayi.

Idan kun hau

Ku fuskanci tsanin wajen hawa da sauka. Ƙafa biyu da hannu ɗaya, ko hannu biyu da ƙafa ɗaya, su kasance a kansa kowane lokaci. Cibiyarku kada ta wuce gefensa. In reshe ya yi nisa, ku sauko ku matsar da tsanin. Kada ku taka matakala uku na ƙarshe a tsanin jinginawa. Ku ajiye silifa da babbar riga, ku sa takalmi mai kama ƙafa. Babba ya riƙe gindin tsanin, yara su yi nisa. Mai jiri, mai farfaɗiya da mace mai ciki su bar wa wani hawan.

Idan wani ya faɗo

Kada ku yi saurin ɗaga shi. In yana jin ciwon wuya ko baya, ko ƙafafunsa sun mutu, ku riƙe kansa daidai da jikinsa, a ɗauke shi kwance a kan faffaɗan katako, ba a kan babur ba. Amai, yawan barci, ruɗewa, ko jini daga kunne alamu ne na bugun kai. A garzaya asibiti ko gidan likita mafi kusa, ko da a wancan gefen iyaka yake. Karaya kuma a tallafe ta da itace da tsumma, ba tare da matsewa ba, domin ɗaurin da ya tsananta yakan tare jini har a rasa hannu. Yankan adda a danne shi da tsumma mai tsabta, a tambayi allurar tetanus.

Akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma masu iya magana sun kuma ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Shinge zai jira gobe. Ku samo tsanin da ya dace tukuna.