Gwamnati ta faɗi, littafin lissafinta ya ƙi rufuwa

Ranar 7 ga Nuwamba 1917 'yan Bolshevik suka ƙwace mulki a Petrograd, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Kerensky ta watse. Da labari ya isa New York, sai ya tarar da wasu Rashawa a ofis suna kan aikin da aka aiko su, wato sayo wa gwamnati kaya. Kwangilolin da ke wuyansu sun kai na kimanin dala miliyan 102, ajiyarsu a bankin National City kuwa kimanin miliyan 56 ce. Masana'antu na ta ƙera kaya, 'yan kwangila na jiran biya, amma gwamnatin da ta ba da odar babu ita a doron ƙasa.

Tun 1915 aka soma tafka wannan ciniki. Yaƙin Duniya na Farko ya tona asirin Rasha: tana da sojoji birjik, ba ta da bindigar da za ta ba kowa. Sai gwamnatin Sarki Nicholas na Biyu ta buɗe ofisoshin sayayya a Landan da New York. Kamfanin Remington ya karɓi kwangilar bindiga miliyan 1.5, New England Westinghouse ya karɓi miliyan 1.8. An yi odar harsasai da albarushi da takalman soja da ƙarfen layin dogo, da kawunan jirgin ƙasa daga Baldwin da ALCO. Mafi yawan kuɗin bashi ne, kuma Birtaniya ce kan gaba wajen bayarwa.

Rasha ba baƙuwar binciken kuɗi ba ce. Tun 1811 tana da hukumar da ke bin diddigin abin da gwamnati ta kashe, kuma ƙa'idarta ita ce kowace kashewa ta zo da takardarta. A masana'antun Amurka ma an girke sufetocin Rasha, masu tsananin da ya sa kamfanoni suka yi ta ƙorafin ana mayar musu da kaya kan aibin da bai taka kara ya karya ba. Sai dai duk wannan tsari yana da kai guda, a Petrograd. Can ake aika rahoto, can ake hukunta wanda ya ci amana. Da kan ya fita, sai aka bar masu lissafi da takardu ba su san wa za su miƙa wa ba.

Mutumin da nauyin ya faɗa wa shi ne Boris Bakhmeteff, injiniyan ruwa, wanda gwamnatin riƙon ƙwarya ta turo jakada a watan Yunin 1917. Jakadan sarki da Boris ya gada, shi ma Bakhmeteff ne sunansa, alhali ba su haɗa dangi ba. Kafin juyin Nuwamba, baitulmalin Amurka ya riga ya ba gwamnatinsa rancen dala miliyan 187.7. Bakhmeteff ya ce shi bai san 'yan Bolshevik a matsayin gwamnati ba. Amurka ma ta ƙi amincewa da su, ta ci gaba da ɗaukarsa jakadan Rasha. Halinsa ya zama irin na yaron shagon da maigidansa ya rasu: makulli na hannunsa, masu bin bashi na bakin ƙofa, magada kuma suna can suna kashe juna kan gado.

Mafitar da aka samu a watan Disamba 1917 ita ce a ware kuɗin a asusun warware kwangiloli, kuma kada a cire ko sisi sai da yardar baitulmalin Amurka. Wanda ke riƙe da littafin a ɓangaren Rasha shi ne Serge Ughet, jami'in kuɗi na ofishin jakadanci. A nan ya kamata mai karatu ya dakata ya duba da kyau. Mai binciken asusun shi ne mai bin bashi. Abin da ya dame shi kada kamfanonin ƙasarsa su durƙushe, kada kuma kayan yaƙi su faɗa hannun Jamus ko na Lenin, jagoran 'yan Bolshevik. Talakan Rasha, wanda da sunansa aka ci bashin, ba shi da wakili a teburin.

Aka shiga aikin warwara. Wasu kwangiloli aka soke su aka biya diyya, wasu aka rage su, wasu aka sayar. Gwamnatin Amurka ta saye bindigogi kimanin 280,000 don ceto Remington da Westinghouse, har wasu daga cikinsu suka isa Rasha a 1918 a kafaɗar sojojin Amurka da aka kai Arkhangelsk. Kawunan jirgi 200 suka maƙale, ga shi an ƙera su ne don layin Rasha mai faɗin ƙafa biyar, wanda ya fi na Amurka faɗi. Sai aka yi musu dabara a ƙafafu aka raba wa kamfanonin jiragen Amurka. Ɗaya daga cikinsu, mai lamba 1630, yana gidan tarihin jiragen ƙasa na jihar Illinois.

Masu cewa dukiyar tasu ce ba su yi shiru ba. Gwamnatin Lenin ta soke dukkan basussukan waje a watan Fabrairu 1918, amma hakan bai hana ta neman ajiyar ba. Bashin ba nata ba ne, kuɗin kuwa nata ne! Yury Lomonosov, shugaban sashen sayen kayan jirgin ƙasa, ya fito fili ya goyi bayan a yi hulɗa da Soviet, Bakhmeteff ya sallame shi a 1918. A 1919 Ludwig Martens ya buɗe ofishin Soviet a New York, ya nemi a miƙa masa kuɗi da kadarorin Rasha duka. Ba a ba shi komai ba, ya bar ƙasar a Janairun 1921 da umarnin kora a kansa.

Ɗaya ɓangaren kuma, Admiral Kolchak, mai yaƙar 'yan Bolshevik, ya kafa gwamnati a Omsk, yana riƙe da zinariyar baitulmalin Rasha da aka kwaso daga Kazan. Shi aka riƙa tura wa kaya ta Vladivostok, wasu a kan jinginar zinariyar. To, a takarda an rubuta kaya sun tashi, amma wa zai sa hannu cewa sun isa? A watan Oktoban 1919 madugun mayaƙa Semenov ya tare jirgin bindigogi a Chita, ya ce sai an sauke masa 15,000. Tsirarun sojojin Amurka da ke rakiyar jirgin suka ƙi, aka yi ta cirko-cirko kafin ya buɗe hanya. Bayan 'yan makonni Omsk ta faɗi, aka harbe Kolchak a Irkutsk ranar 7 ga Fabrairu 1920.

Hisabi ya zo a 1922, ta hanyar da ba wanda ya zata. Shi wannan Semenov ya shigo Amurka, aka kama shi a New York kan wata ƙarar kaya. Sanata William Borah na jihar Idaho ya so a kira Bakhmeteff ya ba da shaida gaban kwamitin majalisar dattawa, sakataren harkokin waje Charles Hughes ya ce jakada ne, yana da kariya. Borah ya harzuƙa. Jakadan wa? Ina gwamnatin da ta aiko shi? Ina aka kai dala miliyan 187? Sakataren baitulmali Andrew Mellon ya amsa a rubuce, ya kare yadda aka tafiyar da asusun, ya nuna cewa da sanin ma'aikatarsa aka yi komai. Ba a tabbatar Bakhmeteff ya sa kwabo a aljihunsa ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Amma ni a ganina tambayar Borah ba ta sami cikakkiyar amsa ba, domin ma'aikatar da ta ba da izinin kashe kuɗin ita ce ta wanke kanta.

Bakhmeteff ya ajiye muƙami ranar 30 ga Yuni 1922. Ya shiga kasuwancin ashana ya yi arziki, daga baya ya zama farfesa a jami'ar Columbia. Aka bar Ughet shi kaɗai da littattafai, yana wakiltar gwamnatin da ta shekara biyar da mutuwa, kuma ya ƙara shekara goma sha ɗaya a haka. Bai zauna banza ba. Kayan yaƙin Rasha sun ƙone a fashewar ma'ajiyar Black Tom ta 30 ga Yuli 1916 a gaɓar New Jersey, daura da New York, don haka ya bi kamfanin jirgin ƙasa na Lehigh Valley, mai ma'ajiyar, da shari'a. Kamfanin ya ce mai ƙara ya mutu. A 1927 kotun ɗaukaka ƙara ta ce gwamnati na faɗuwa amma ƙasa tana nan, ta tabbatar da diyyar kusan dala miliyan ɗaya.

Ranar 16 ga Nuwamba 1933 Shugaba Roosevelt ya amince da gwamnatin Soviet, aikin Ughet ya ƙare. A wasiƙun da aka yi musaya da Maxim Litvinov, ministan harkokin wajen Soviet, Soviet ta sallama wa Amurka haƙƙin karɓar duk kuɗin Rasha da ke hannun Amurkawa. Cikinsu akwai dala miliyan 5 da Ughet ya ajiye a bankin Guaranty Trust a Yulin 1917, wadda bankin ya riƙe tun 1918 a madadin bashin da yake bin bankunan da Lenin ya ƙwace. Gwamnatin Amurka ta kai ƙara, a 1938 Kotun Ƙoli ta ce wa'adin shekara shida na shigar da ƙara a New York ya hau kan gwamnatin waje kamar kowa, tunda Bakhmeteff da Ughet suna da ikon kai ƙara tun farko.

Uwar bashin kuwa, Roosevelt da Litvinov sun yi fahimtar cewa Soviet za ta biya tsakanin dala miliyan 75 da 150. Tattaunawar ta rushe a farkon 1935, kuma har Tarayyar Soviet ta wargaje a 1991 ba ta biya ba.