Ciwon Ƙugu: Wanda Ake Jinya A Gida Da Wanda Ba Ya Jira

A wannan fitowa za mu yi magana ne a kan ciwon ƙugu, wanda wasu ke kira ciwon kwankwaso. Da wuya ka zauna a rumfar kara, ko ta Maigatari ran Alhamis, ko ta Maraɗi ko ta Mubi, ba ka ga dattijo ya dafe baya kafin ya miƙe ba. Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum wajen miliyan 619 ne ke fama da shi. To, amma sana'armu tana da nata hanyoyin jawo shi.

A ƙasan gadon baya akwai ƙasusuwa biyar jere, kowanne bisa ɗan'uwansa, da wani ɗan matashi mai taushi a tsakaninsu. Tsoka da jijiyoyi ne ke riƙe da su. Duk nauyin da mutum ya ɗauka, nan yake sauka.

Yanzu mu dubi aikinmu. Saniya ta faɗi cikin tirela, dole a sunkuya a kama wutsiya a ɗaga ta kafin sauran su tattake ta. Sa ya fizgi igiya wajen lodi, ya murɗa mai riƙe da shi. Ga buhun dusa, ga jarkar ruwa. Sannan ga zaman mota kwana biyu ko uku zuwa Legas, bisa katako, hanya duk ramuka. Likitoci sun ce cikin masu ciwon ƙugu goma, kusan tara irin wannan ne, wato wahalar tsoka da gaɓoɓi, ba wata muguwar cuta a ciki. Yawanci yakan lafa cikin mako biyu zuwa shida.

Maganinsa ba shi ne kwanciya ba. Da can mun ɗauka hutawa bisa tabarma mako guda ita ce daidai, ashe tana ƙara sanƙarar da baya ne. A rage aiki mai nauyi, amma a riƙa ɗan tattaki kullum. A gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi. In za a ɗaga kaya, a durƙusa da gwiwa, a jawo kayan kusa da jiki, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya a kira na biyu, ba abin kunya ba ne. Duk inda mota ta tsaya, a sauko a miƙe ƙafa. Wanda tsayuwa ta gagare shi kuwa, shari'a ta yarje masa ya yi salla a zaune.

Batun ƙwaya sai mun yi hattara. Ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, amma na 'yan kwanaki ne, kuma bayan an ci abinci. Yawan shansu na jawo gyambon ciki, yana kuma lalata ƙoda. Mai gyambon ciki ko hawan jini ko ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna. Tramadol kuwa, mun ga yadda ya mai da yaran mota da dama bayinsa. Kada mu saya wa yaranmu don wai su jure aiki. Haka nan ba kowane ciwon baya ne basir ba, balle a yi ta ɗirkar jiƙon da ba a san abin da aka haɗa ba.

Sai wanda ya fi shafarmu, mu masu hulɗa da dabba, wato bakkale. Kowa ya san ta a garke: saniya ta yi ta ɓari, gwiwa ta kumbura. Abin da da yawanmu ba su sani ba, tana kama mutum. Ana ɗaukarta ta shan madarar da ba a tafasa ba, ko taɓa mabiyiya da ɗan maraƙin da aka yi ɓarinsa da hannu tsirara. Alamunta zazzaɓi mai zuwa yana komawa, gumin dare, kasala, da ciwon ƙugu da gaɓoɓi. Sau da yawa akan yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. Da gwajin jini ake gano ta, kuma maganinta ƙwayoyi ne iri biyu a haɗe, na aƙalla mako shida, in ta shiga ƙashin baya ma ya fi haka. Ƙaho da tausa ba sa kashe ta. Tarin fuka ma yakan ci ƙashin baya har mutum ya yi doro. Don haka in mun je ruga ciniki aka karrama mu da madara, mu roƙa a tafasa. In mun je asibiti kuma, mu faɗa wa likita cewa da shanu muke aiki.

Ga alamomin da ba a jira da su, ko da kasuwa na ci:

1. Fitsari ko bayan gida ya riƙe, ko yana zuba ba da sani ba.
2. Tsakanin cinyoyi da mazauni ya mutu, ba a jin taɓi.
3. Ƙafa ta yi rauni, ana jan ta.
4. Ciwon ya biyo bayan faɗowa daga mota ko tunkuyin sa.
5. Akwai zazzaɓi, ko rama, ko jini a fitsari.

Na ɗaya da na biyu, a ranar za a kai mutum asibiti, don jijiya ce ta matse, jinkiri kan bar mutum da naƙasa har abada. Haka kuma ciwon da ya wuce mako shida bai sassauta ba, a je a duba.

'Yan'uwa, sa guda in ya yi ɗingishi ba ma barci sai mun nemo malamin dabbobi. Jikin da ke nemo kuɗin san ya fi cancanta da wannan kulawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwa, ya kai matafiya gida lafiya, amin.