Kiɗa Ba Waƙa: Faifan Mamman Sani da Al'adar Take

A ƙasar Matazu da maƙwabciyarta Musawa, mahaifar Mamman Shata, ba a ɗauki ganga a kan abu marar baki ba. Idan makaɗin noma ya bi bayan 'yan gayya, manomi yakan ji takensa cikin gangar, ko da maroƙi bai ce uffan ba. Dalili kuwa shi ne Hausa harshe ne mai karin sauti. Mai kalangu yakan matse tsarkiya ko ya sassauta, amo ya hau ko ya sauka yadda magana ke yi. Watau abin da baƙo zai kira kiɗa zalla, a kunnen ɗan gari zance ne.

Da wannan ma'auni ya kamata a dubi aikin Mamman Sani Abdullahi na Jamhuriyar Nijar. Yana ma'aikacin UNESCO ya sayi wani ogan mai aiki da lantarki, ƙirar Italiya, ya shiga juya karin waƙoƙin gargajiya na ƙasarsa a kansa. Cikin 1978 ya ɗauki kiɗan a gidan rediyon Yamai, aka buga kaset kaɗan ƙwarai. Rediyo da talabijin suka riƙa cike gurbin shirye-shirye da shi, har mutane suka haddace karin ba su san mai shi ba. Sai cikin 2013, bayan ya manyanta, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da shi a faifai da sunan La Musique Électronique du Niger, sa'an nan Taaritt ya biyo cikin 2014.

To, ogan ba shi da tsarkiyar da za a matse, ba ya kuma kiran ubangida ko wasa wani jarumi. Wanda ya san waƙar asali yakan cika kalmomin a zuci, kamar yadda manomi ke yi da takensa. Wanda bai sani ba kuwa, kari kawai ya rage masa, kuma lalle yawancin masu sayen faifan a Turai irin na biyun ne.

Wahalar tana kan manazarta. An saba rarraba makaɗan Hausa bisa ga wanda suke yi wa waƙa, na sarauta, na sana'a, na jama'a, ɗalibi kuma ya rubuta baitoci ya feɗe su. A nan babu ubangida, babu baitin da za a rubuta.