Bayan aikin ido da leza: wane tabarau na mannawa ya dace idan gani ya ƙi daidaita?

Galibin waɗanda aka yi wa aikin gyaran gani da hasken leza suna rabuwa da tabarau lafiya lau. Amma akwai ƴan kaɗan da ke fara ganin abu biyu-biyu, ko fitilar mota ta riƙa watsuwa musu da dare, kuma duk tabarau da aka gwada musu ba ya magance matsalar.

Dalilin yana ga korniya, wato fatar nan garai-garai da ke rufe baƙin ido. Kaurinta wajen rabin milimita ne kawai, amma ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. Aikin LASIK da PRK suna kankare ta ne don canza siffarta, tsohon aikin RK kuwa, wanda likitan Rasha Svyatoslav Fyodorov ya yaɗa a shekarun 1970, tsattsaga ta ake yi da wuƙa. Idan samanta ya zama tudu da kwari, ko ta yi rauni ta kumburo gaba, tabarau na fuska ba ya iya gyarawa.

A nan ne ake komawa ga tabarau da ake mannawa a kan ido. Mai laushi ya fi daɗin sawa, sai dai yana bin siffar korniyar, don haka karkacewar tana nan. Mai tauri da iska ke ratsawa, faɗinsa wajen milimita 9 zuwa 10, shi ke ba da gani mai kyau, domin hawaye na cike guraben da ke ƙarƙashinsa. Tunda aikin gyaran gani na nesa yana baje tsakiyar korniya, sau da yawa sai an ƙera shi da tsakiya a baje, gefe a lanƙwashe.

Na uku shi ne babba, mai faɗin milimita 15 ko fiye, wanda ke zama a kan farin ido ba tare da ya taɓa korniya ba. Ana cika shi da ruwan gishiri na asibiti kafin a sa. Ga mazauna Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, wannan na da muhimmanci: ƙurar hunturu kan shige ƙarƙashin ƙaramin mai tauri ta yi zafi, babban kuwa yana rufe wurin kuma yana rage bushewar ido.

Ba a zaɓen ko ɗaya da ka. Sai likitan ido ya ɗauki taswirar korniya da na'ura, an gwada, an sake dubawa. Wanda aka yi wa aiki a ƙasar waje ya adana takardun awon idonsa na kafin aikin da na bayansa.

Tabarau ba ya hana korniya ci gaba da kumburowa. Wannan aikin wani magani ne da aka ƙirƙiro a Dresden ta Jamus, na ɗigon bitamin B2 da hasken ultraviyole, wanda Amurka ta amince da shi a 2016.

Ruwan famfo ko na rijiya kada ya taɓa tabarau, saboda ƙwayar cutar Acanthamoeba mai iya makantarwa. Ido ya yi ja, ko ciwo, ko gani ya dushe, a cire tabarau a nufi asibiti a ranar.