Sabuwar na'urar iska a tsohuwar mota: Inda man direbobi ke zurarewa

Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, direbobin haya tsakanin Gusau, Tsafe da Bungudu ke lissafin kowace lita. Sai dai akwai ƙaramar na'urar da kan cinye riba a ɓoye: mai auna iskar da ke shiga inji.

Idan ƙurar hunturu ta kashe ta, wasu kan ɗaura ta sabuwar mota muddin soket ya shiga. Amma ƙwaƙwalwar tsohuwar mota ma'aunin na'urarta ta asali kawai ta sani. Wata na'urar da ƙarfin lantarki take aika saƙo, daga volt 0 zuwa 5, wata kuma da saurin bugun sigina.

Injin fetur na buƙatar kusan giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na mai. Da zarar ƙwaƙwalwa ta karanta saƙon ba daidai ba, sai baƙin hayaƙi, yawan shan mai, ko inji ya riƙa mutuwa.

Kafin ka biya, gwada lambar da ke jikin tsohuwar da ta wadda za ka saya.