Amfani da Hatsarin Wasu Tsirran Magani na Gargajiyar Ƙasar Sin

Al'ummar ƙasar Sin sun daɗe suna magani da ganyaye da saiwoyi. Littafin masaninsu Li Shizhen, wanda aka buga a shekarar 1596, ya ƙunshi bayanin magunguna fiye da 1,800. Da yake irin waɗannan magunguna suna shigowa kasuwanninmu a matsayin ƙwayoyi da ganyen shayi, ya kamata jama'a su san cewa tsiron da ke warkarwa yana iya cutarwa idan an zarce ƙima, ko an sauya shi da wani.

Citta na daga cikin waɗanda Sinawa suka fi amfani da su, domin rage tashin zuciya da sanyin mura, sai dai yawanta kan jawo ƙwannafi. Saiwar jinsen kuwa ana shan ta domin kawar da kasala, amma takan hana barci, kuma tana iya sauke sukarin jini, don haka mai shan maganin ciwon sukari ya yi hattara. Haka nan akwai wata saiwa mai zaƙi da suke kira gancao, wadda ake sawa a maganin tari. Yawan shan ta na tsawon lokaci yana haddasa hawan jini da kumburin ƙafafu.

Akwai waɗanda hatsarinsu ya fi haka. Tsiron mahuang yana buɗe hanyar numfashi, amma yana sa bugun zuciya ya yi sauri. A shekarar 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta haramta ƙwayoyin rage ƙiba da ƙarin kuzari masu ɗauke da sinadarinsa. A ƙasar Beljiyam kuma, a farkon shekarun 1990, ƙodar mata fiye da 100 ta lalace bayan sun sha maganin rage ƙiba wanda aka sa wa saiwar Aristolochia a maimakon wata saiwar mai suna irin nata.

Tsiron qinghao, ɗan'uwan tazargade, shi ne ya fi shafar jama'armu. Daga gare shi masaniya Tu Youyou da abokan aikinta suka tace sinadarin atimisinin a shekarar 1972, wanda a kansa aka gina magungunan zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibitocinmu, har ta samu lambar yabo ta Nobel a 2015. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a jiƙa ganyen a sha a matsayin maganin zazzaɓin ba, saboda ƙarfinsa yakan bambanta daga gona zuwa gona. Idan maganin ya gaza, ciwon zai dawo, ƙwayar cutar kuma ta bijire masa.

A saboda haka, wajibi ne a duba lambar hukumar NAFDAC kafin a saya, a kuma guji maganin da ba a iya karanta rubutunsa. Mata masu juna biyu, masu shayarwa, ƙananan yara da masu ciwon ƙoda ko hawan jini kada su sha sai da izinin likita. Ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da ma'aikatan lafiya da su isar da wannan bayani, musamman a ranakun kasuwa, lokacin da masu tallar magani suke cika ƙauyuka.